Ranar da A Suk Fung Ya Cinye Waƙar Kakanninsa

A kasuwar garinmu da ke bakin kogi, can gaɓar yammacin tsibirin Kalimantan, in ka tambayi Hiu Ket Fung sai an yi ta duban juna. In ka tambayi Gunadi, sunan da ke jikin takardunsa, shi kansa ba zai waiwayo ba. Amma ka ce kana neman mai awarar nan da ya cinye jarinsa, ko akuyar kasuwa za ta raka ka rumfarsa.

Ga abin da mutane suka gani. Wata safiya, a shekarun da baki ba ya faɗin duk abin da ido ya gani, A Suk Fung, wato Kawu Fung kamar yadda yara da manya suke kiransa, ya jingine kekensa, ya sauke akwatin awara, ya yaye ƙyallen da ke kai. Ya leƙa. Ya yi tsaye kamar an dasa shi. Sai kawai ya zaro wuƙa ya yayyanka, ya shiga cusa ɗanyar awara a baki, ba suya, ba gishiri, ba yaji, hannu baka hannu ƙwarya, hawaye na bin kumatunsa. Masu saye suna miƙo kwano yana ture musu hannu. Tun daga ranar ba a ƙara barinsa ya sha ruwa da daɗi ba. Ko ɗan kasuwa ya yi asara a wani gari, sai a ce ai gara shi, bai cinye kayan da kansa ba.

Sai dai ranar da aka samo wannan abin dariya, shi da mutanen gidansa ba su ga abin dariya a cikinta ba.

A Suk Fung matsoraci ne, kuma bai taɓa musun haka ba. Yana tsoron kare, yana tsoron tsawa, yana tsoron tsallake gadar katako in ruwa ya cika. Duk mai kaki kuwa, ko da mai raba wasiƙu ne, in ya doso sai ka ga Fung ya tuna yana da aiki a bayan gida. Matarsa Miau Cin takan ce da a ce ana sayar da tsoro a mudu, da tuni sun yi gidan siminti. Ita ma tsoronta yake ji, amma wannan tsoro ne mai daɗi, irin wanda mutum ke ƙoshi da shi.

Ba a banza ya zama haka ba. Can cikin ƙasa aka haife shi, inda iyayensa suke noman barkono da roba. A shekarar da aka koro mutanenmu daga ƙauyuka zuwa bakin teku, ya ga abin da har ya tsufa bai ba da labarinsa ba. Mutane sun fito da abin da hannu zai iya ɗauka, wasu tukunya, wasu bargo. Mahaifinsa, tsoho Sin Then, bai ɗauki ko cokali ba. Wani allon katako ya ɗaure a bayansa kamar goyo, ya yi ta tafiya da shi cikin laka har igiya ta ci masa kafaɗu.

Allon baƙin katako ne mai nauyi, an sassaƙa masa kalmomi ashirin da rubutun kakanni, ɗango huɗu, kowanne kalma biyar. Waƙar zuriyar Hiu ce. Wani kaka ne ya tsara ta tun a tsohuwar ƙasa, can arewa a hayin teku inda mutanenmu suka fito, kuma kowane tsara na 'ya'ya maza yana ɗaukar kalma ɗaya daga cikinta, a jere, ya sa a tsakiyar sunansa. Uba yana da tasa, ɗa ya ɗauki ta gaba, jika ya ɗauki mai bi mata. Shi ya sa in baƙi biyu 'yan Hiu suka haɗu a jirgin ruwa, sunan tsakiya kawai za su tambayi juna, nan take su san wane ne zai kira wani kawu. An sha ganin mai furfura yana rusuna wa saurayi, don waƙa ta ce saurayin ne a sama. Harshen littafi ne, a dunƙule yake, amma in aka warware shi da maganar kasuwa ga abin da yake cewa:

Ƙanƙara ta rufe tudun da kaka ya kwanta,
Ayari ya yi kudu da tukunya da iri,
Inda ƙafa ta tsaya, toho ya fito, gida ya kafu,
Mai kunna fitila ya kira sunan na baya.

Mu dai ƙanƙarar da muka sani ita ce ta mai sayar da ruwan sanyi. Amma in tsoho Sin Then ya rera ɗangon farko da muryar nan ta mutanen da, yana jan ta yana karkaɗa kai, sai ka ji sanyi ya kama ka alhali gumi kake yi.

A cikin wani tsohon sito na roba, inda aka zuba waɗanda aka koro, nan tsohon ya cika. Kafin ya cika ya kamo hannun Fung ya ɗora a kan allon.

"Gona ta tafi," in ji shi. "Kabarin uwarka ya tafi. Ɗakin kakanni ya ƙone, littafin zuriya na ciki. Wannan kaɗai ya rage. In shi ma ya tafi, jikokinka za su zama kaji, ba mai sanin wa ya haifi wa."

To, ka ji irin kayan da aka ɗora wa mutumin da ke gudun ɗan kwikwiyo.

Kuma lokacin ne hukuma ta hana rubutun kakanni fita fili. An rufe makarantunmu, an sauke allunan shaguna, an kira mutane ofis an ba su sababbin sunaye. Fung ya shiga a Ket Fung ya fito a Gunadi. Masu littattafai suka yi ta ƙonawa a murhu. Akwai wani malami, Malam Lo, mai ƙaramar murya, da aka samu da akwatin littattafan waƙoƙi a rufin ɗakinsa. Aka zo da mota aka tafi da shi. Matarsa ta daɗe tana ajiye masa shinkafa a kwano, har ta daina. Ba wanda ya san ko littattafan ne suka jawo, ko wani ne ya kai ƙararsa da wata magana. Rashin sanin ma shi ya fi kashe jiki.

Fung bai yi karatu mai zurfi ba. Waƙar tana kansa, amma hannunsa bai iya zana ta ba, in ban da kalmarsa da ta ɗansa. Allon ne ya san sauran. Ya ɓoye shi a ƙarƙashin gado, gara ta fara shinshinarsa. Ya kai shi rufi, ya tuna Malam Lo, ya sauko da shi. Ya yi tunanin binne shi kusa da garken aladu, sai ya yi mafarkin mahaifinsa yana dubansa bai ce komai ba. Ga shi a wurinmu rubutu ba abin wasa ba ne. Ba a taka shi, ba a zama a kansa, ba a naɗe kifi da shi. Ko guntun takarda aka tsinta da harafi a jiki, sai a kai ɗan murhun da ke bayan ɗakin bauta a ƙona, a zuba tokar a kogi.

Miau Cin ce ta gaji da ganinsa yana yawo da katako kamar kaza mai neman wurin ƙwai.

"Tsohon nan, kai ba ka san abin da aka ɓoye shi ake nema ba? Sa shi aiki. Wa ya taɓa binciken abin da ke aiki?"

"Wane aiki kuma? Kakannin nawa zan sa dako?"

"Su ma ai da aiki suka zo. Ba ka ji tukunya da iri ba?"

Sai aka sa kafinta ya yi akwatin matse awara daidai faɗin allon. Kullum da safe, in Fung ya niƙa waken suya a dutse, ya tace, ya dafa, ya zuba ruwan tsami ya tsinke, sai ya juye a akwati cikin farin ƙyalle, ya ɗora allon, bayansa mai santsi a ƙasa, rubutun yana duban sama. Ya rufe rubutun da buhu, sannan ya aza dutse. Kafin ya aza dutsen kuwa sai ya haɗa hannuwa ya rusuna ya ce, "Ku yi haƙuri, na ɗan lokaci ne." Haka ya yi ta ba su haƙuri shekara da shekaru. Awararsa kuma ta yi suna, don katako mai nauyi ya iya matsa. Har barikin soja da ke bayan gari a wurinsa suke saye.

Wannan cinikin barikin shi ne ƙashin da ya tsaya masa a wuya. Mai zuwa sayen wani sajan ne, Sajan Rukmana, mai kula da ɗakin girkin sojoji, dogo, mai magana a hankali. Bai taɓa ɗaga wa Fung murya ba, abin da ya sa Fung ya fi jin tsoronsa ke nan. Yana da wata ɗabi'a. Ba ya sayen awara sai ya ɗauki kowane yanki ya juya shi sama da ƙasa, ya latsa, ya shinshina.

Ana nan sai Su Lian, matar ɗansu Min Khiong, ta samu ciki. Min Khiong yana jirgin kamun kifi, sai ya yi sati bai taka tudu ba. Fung ya shiga lissafin jika. Tsoho Sin Then ne ya rufe ɗango na biyu, Fung ya buɗe na uku, Min Khiong ya biyo, kalma ta gaba ita ce ta tsakiya, Chun, wato tohon farko da ke fitowa bayan sanyi. Yana so ya iya zana ta da hannunsa kafin yaron ya iso.

Ran da naƙuda ta tashi, gari ya waye ya juye awara a akwati, ya naɗe ƙyalle. Maimakon ya ɗora allon, sai ya riƙe shi kusa da taga yana bin kalmar da yatsa, yana ƙirga zane-zanenta, leɓɓansa na motsi. Sai aka buga ƙofa da ƙarfi.

Ya ɗauka sojoji ne. Bai yi shawara da kowa ba, ya kifa allon a kan akwati, rubutun a ƙasa, ya jefa buhu, ya danna dutse. Ranar ko haƙuri bai bayar ba.

Ashe Mak Timah ce, ungozoma.

"A Suk, lafiya ka yi fari haka? Kai ne za ka haihu ko surukarka?"

Daga nan gida ya rikice. A kawo ruwan zafi, a kawo tsummoki, a nemo citta. Fung yana shiga ƙafar kowa, ya zubar da ruwa sau biyu, ya taka wutsiyar kyanwa. Abin da ya yi da allon ya fita daga kansa sarai. Da awara ta matsu, ya sauke dutse, ya zare allon tare da buhunsa ya jingina a bango ba tare da ya duba ba, kunnensa na ɗakin da Su Lian ke nishi.

"Tafi kasuwa," in ji Miau Cin, tana tura shi. "Namiji a gidan haihuwa kamar tsintsiya ne a cikin miya. Tafi, kada ka suma mu rasa wa za mu riƙe."

Ya ɗaure akwati a bayan keke ya tafi.

A rumfarsa ne ya yaye ƙyallen. Ga waƙar zuriyar Hiu kwance a kan awara, fara fat, kalmomi ashirin sun taso sama kamar an zana su da alli, kowane ƙaramin zane ya fito. Sun juya baya ne kawai, kakan farko da ya saba gani a dama ya koma hagu. Ya ɗaga ido. Can wajen masu kifi, rumfa uku tsakani, ga Sajan Rukmana da wani kofur mai riƙe da kwando, yana juya wani kifi yana duba haƙoransa.

Mai hankali a kwance zai ce ai sai ya kifar da akwatin. Fung ma ya yi wannan tunanin. Ya dubi ƙasan kasuwa, laka da ɓawon kifi da tofin goro, ga karnuka suna zagaye. Ya zubar da sunan ubansa a nan, a taka, kare ya lashe? Ya ce to ya dame fuskar da tafin hannu. Hannun ya ɗagu, ya tsaya a sama, ya ƙi sauka. Mutumin da tun yana yaro ake dukan hannunsa in ya taɓa takarda da maiƙo, yau shi zai murje fuskar kakanninsa? Ya kife yankunan kuwa, sajan zai juya su ɗaya bayan ɗaya. Ko da bai lura ba, za a kai su bariki a soya da barkono, sojoji su ci kakansa da shinkafa.

Wuri ɗaya ne ya ga ya rage mai tsabta, wanda ba ƙafa za ta taka, ba ido zai gani.

Ya yanka daidai kan layi, kowace kalma da yankinta, kowane yanki ya kai tafin hannu. Ya fara da kakan farko, don ko a cikin tashin hankali ba a tsallake babba. Ɗangon ƙanƙara ya wuce da sauƙi. A ɗango na biyu maƙogwaro ya fara gardama. Mai sayar da alayyafo da ke gefensa ta dafa ƙirji.

"A Suk! Me ya same ka? Miau Cin ta daina ba ka abinci ne?"

Ya ci gaba da cusawa. Ya zo kan mahaifinsa, ya runtse ido ya haɗiye, hawaye suka zubo. Ya ci kansa. Ya ci ɗansa. Ya ga ba zai kai ba, sai ya tsallake tsakiya ya afka wa na ƙarshe-ƙarshe, jikokin jikoki da ba a haifa ba, yana turawa da yatsa. Mutane sun fara taruwa. Saura yanki ɗaya, wanda zuciyarsa ta yi ta ja da baya a kansa, Chun, sunan jaririn da ke hanya. Ya kife shi, yana neman numfashin da zai haɗiye shi da shi.

"Gunadi."

Bai waiwaya ba.

"Gunadi, da kai nake."

Inuwa ta rufe akwatin. Kasuwa ta yi tsit, har ana jin ƙudaje a kan kifi.

"Pak Sajan," wato Yallaɓai Sajan, in ji Fung, da cikakken baki.

"Ina awarata?"

"Ta... ta lalace, Pak. Ta yi tsami."

"Ta yi tsami, shi ya sa ka cinye ta." Sajan ya miƙa hannu ya ɗauki yankin da ya rage. Ya latsa. Ya shinshina. "Ni ban ji tsami ba."

Sai ya juya shi.

Fung ya ga idon sajan ya tsaya. Ya ga babban yatsansa yana bin zanen a hankali, kamar yadda shi ma ya bi shi ɗazu a bakin taga. Ya tuna kwanon shinkafar matar Malam Lo. Abin da ya biyo baya, shi kansa ya ce bai san wa ya yi ba. Mutumin da ke canza hanya saboda ɗan kwikwiyo ya kai hannu ya fizge awara daga hannun soja, ya jefa a baki, ya haɗiye ba tauna.

Wata mata ta ce, "Wayyo!" Kofur ya ajiye kwando ya matso. Sajan ya ɗaga masa hannu. Ya zaro hankici ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Na daɗe ina son ganin inda kake yin awarar nan," in ji shi. "Mu je gidanka."

Daga kasuwa zuwa gidan Fung ba nisa, amma ranar hanya ta miƙe. Yana gaba yana tura keke, ciki ya yi tirim kamar ganga, takalman soja biyu suna binsa. Duk ƙofar da suka wuce sai ta rufu a hankali. Ba abin da yake gani sai allon nan jingine a bango, buhu ya ɗan zame. Ya yi tunanin ya faɗa kogi, ya tuna bai iya ruwa ba. Ya yi tunanin Su Lian, da jaririn da zai buɗe ido ya tarar an tafi da kakansa. A zuci yana cewa, "Baba, na gaya maka ba ni ne ya kamata ka ba ba."

Gidajen unguwarmu a kan turaku suke, doguwar gadar katako ce ke kai ka ƙofa. Takalman suka hau ta, kowane taku yana amsawa har cikin ƙirjinsa.

Miau Cin tana bakin ƙofa, hannayenta jiƙe, fuskarta ba ta nuna komai ba.

"Sannu da zuwa, Pak. Ka same mu cikin hidima, haihuwa ake yi."

"Ba zan daɗe ba, Ibu," in ji sajan, wato uwargida.

Ya shiga ɗakin girki. Fung ya saci kallon bango. Buhu yana ƙasa a yashe. Allon ba ya nan. Bai san ko ya ji daɗi ko ya ƙara firgita ba. Sajan ya duba dutsen niƙa, ya leƙa tukunya, ya ɗaga buhun da bakin takalmi. Kofur ya leƙa ƙarƙashin gado, ya hau kujera ya dubi rufi.

"Da me kake danne awarar?"

Fung ya buɗe baki, sai gyatsa ta fito. Miau Cin ta ɗauko katakon yanka nama, wanda wuƙa ta yi wa zane ko'ina, ta miƙa.

"Ga shi, Pak. Na sha gaya masa ya sake wani, duk ya ɓata fuskar awara. Amma ka san maza da rowa."

Sajan ya karɓa. Ya ɗora a bakin akwatin. Katakon bai kai rabin faɗinsa ba. Ya ajiye. Ya juya ya dubi ƙofa ɗaya da ta rage, mai labule, inda nishin Su Lian ya koma ihu. Ya taka zuwa wurin. Ya kai hannu ga labulen.

Mak Timah ta leƙo, hannunta duk jini, ɗankwali ya zame.

"Astagfirullah! Ɗana, ina za ka? Uwarka a gaban sojoji ta haife ka? Kai ya riga ya fito, in kana da ƙarfin hali shigo ka riƙe mini ƙafa!"

Hannun sajan yana kan labulen. Bai ja ba, bai saki ba. Sai kukan jariri ya tsaga gidan, siriri, mai fushi.

Sajan ya saki labule. Ya dawo ya tsaya gaban Fung, kusa har Fung yana jin warin tabarsa.

"Gobe ina son awara," in ji shi a hankali. "Mai santsi gaba da baya, kamar kumatun wannan da aka haifa. Ni ban iya karanta awara ba, Gunadi. Kada ka sa in koya."

Takalman suka bi gada suka tafi. Fung ya sulale ya zauna a ƙasa. Sai da ƙarar ta ɓace sarai sannan ya iya raɗa, "Yana ina?"

Miau Cin ta nuna labule da haɓa.

Ashe bayan fitarsa ta ɗaga buhun, ta ga ɓurɓushin awara a cikin ramukan rubutun, ta gane abin da mijinta ya ɗauka zuwa kasuwa. Da ta ji takalma a kan gada, ba ta tsaya neman wuri ba. Ta tura allon ƙarƙashin tabarmar da Su Lian ke naƙuda a kai.

Fung ya dafe kai. Tsoron soja ya fita, wani ya shigo ya zauna a gurbinsa. Ɗakin haihuwa, inda ko turaren kakanni ba a kusantowa da shi sai an yi wata guda!

"Kin kashe ni! Rubutu a ƙarƙashin mai jego? Da wane ido zan dubi Baba? Ba za su yafe ba!"

"Kai, rufe mana baki. Shekara nawa kana aza musu dutse a ka, sun taɓa kai ƙara? Jikarsu ce za ta yi musu nauyi?"

"Jika... jikarsu?"

"Mace ce. Tashi ka gan ta, mai bakinka sak, ba ta rufe shi."

A al'ada, 'ya mace ba ta ɗaukar kalma daga waƙa, don gidan wasu za ta. Fung ya faɗi haka, da 'yar ƙaramar murya. Miau Cin ta riƙe ƙugu.

"A kan waƙar aka haife ta. Kai da ubanka da kakanka, wa aka haifa a kanta? Kuma wa ya tsare ƙofa yau? Ita da uwarta, ko mazan zuriyar Hiu?"

Kwana uku Fung yana kwance, rabi ciwon ciki, rabi jiran hukunci. Duk motar da ta wuce sai ya miƙe zaune. Duk ƙadangaren da ya yi motsi a rufi sai ya ce saƙo ne. Miau Cin ce ta kai wa bariki awara mai santsi, wadda aka danne da sabon katako. Mota ba ta zo ba. Mahaifinsa ma bai zo masa a mafarki ba. Da ya ga haka, ya wanke allon da ruwan ganyen lemo, ya kunna turare, ya ba da haƙuri mai tsawo, sannan ya tsoma yatsa a ruwa ya zana kalmar a kan tebur, karkatacciya amma cikakkiya. A takarda yarinyar Yuliana ce. A gida kuwa Chun Lan.

Bai daina tsoro ba, kada wani ya yi maka ƙarya. Har sajan ya bar garin Fung bai ƙara duban idonsa ba, kuma bai taɓa sanin ko mutumin tausayi ya ji ko ƙyuya. Allon ya koma aikinsa, amma sai ya duba fuskarsa sau uku kafin ya aza dutse.

Sai da ya tsufa tukuf aka ɗage hanin. Jajayen takardu masu rubutun kakanni suka dawo bakin ƙofofi ranar sabuwar shekara. Chun Lan, wadda ta girma ta karɓi sana'ar awara, ta rataye allon a bangon zaure inda duk mai wucewa zai gani. Kwana biyu A Suk Fung yana bi yana rufe taga.

A bikin sabuwar shekarar nan ne, gida cike da 'yan Hiu, wasu har daga hayin teku sun zo kwafar waƙar don tasu ta ɓace, aka kawo soyayyar awara. Chun Lan ta janye farantin daga gabansa.

"A Kung, kakana, bari baƙi su fara ɗiba. Mun san halinka, in ka fara ba ka bari."

Aka kwashe da dariya. Wani saurayi mai tabarau, ɗan jami'a, ya ce, "A Kung, da gaske ne wai ka cinye waƙar nan tun daga farko har ƙarshe?"

Tsohon ya dubi ƙofa tukuna, don sabo. Sannan ya jawo farantin gabansa.

"Ku da kuka yi makaranta karanta ta kawai kuka yi," in ji shi. "Ni kaɗai na san ɗanɗanonta. Waƙa ce mai kyau, ba laifi. Amma wanda ya tsara ta ya manta gishiri."